Duniya na kashe dala tiriliyan ɗaya a talla, tattasan Difa kuwa ko suna babu a buhunsa

A nan Sayam Forage, idan aka ce "talla", abin da ke fara zuwa ran kowa shi ne yarinya ƴar shekara tara ko goma da tire a ka, tana zaga layukan sansani tun da hantsi: ga ƙosai, ga gyaɗa, ga dafaffen ƙwai. Ko kuma mai magani da ya ɗaura lasifika a kan amalanke ranar kasuwa, yana rantsuwa cewa kwalbarsa guda tana maganin basir da shawara da ciwon baya gaba ɗaya. To, wannan kalmar dai ita ce sunan wata sana'a da manyan kamfanonin duniya ke zuba wa kuɗin da hankali ba ya ɗauka. Yau a kanta za mu yi magana, domin ta shafe mu fiye da yadda muke zato.

A watan Disamba na 2024, kamfanin GroupM, ɗaya daga cikin manyan dillalan talla na duniya, ya fitar da ƙididdigar cewa kuɗin da aka kashe a talla a wannan shekarar ya haura dala tiriliyan ɗaya, karo na farko a tarihi. Mu lura fa, ba dalarmu ta kasuwa ake nufi ba, wadda take sefa biyar. Dalar Amurka ce, wadda a 2024 guda ɗaya ta kai kusan sefa 600. Tiriliyan ɗaya kuwa biliyan dubu ke nan, ko miliyar dubu yadda muke faɗa a nan Nijar. Idan aka raba wannan kuɗi a kwanakin shekara, kowace rana ta Allah ana kashe kusan dala biliyan 2.7. A minti ɗaya, kafin mai shayi ya gama juye tukunya, an kashe kusan dala miliyan biyu.

Su wa ke kashewa? Amazon kaɗai na kashe sama da dala biliyan 20 a shekara wajen tallata kansa. L'Oréal na Faransa, mai man shafawa da turare, ya kashe sama da yuro biliyan 13 a talla da jawo masu saye a 2023. Procter & Gamble, mai sabulun Ariel da Pampers na jarirai, na kashe sama da dala biliyan 9. Coca-Cola kuwa wajen dala biliyan 5, a kan lemon da babu ƙauyen da ba a san shi ba. A wasan ƙarshe na ƙwallon Amurkawa da suke kira Super Bowl, a 2025 an sayar da daƙiƙa 30 na talla a talabijin har dala miliyan 8, wato kusan sefa miliyar 5. Daƙiƙa 30, jama'a. Ko alwala ba ka gama ba.

Su wa kuma ke karɓa? Nan ne abin ya fi ba da mamaki. Google ya samu kimanin dala biliyan 264 daga talla a 2024. Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu kimanin biliyan 160. Amazon, ban da kashewar da yake yi, shi ma ya karɓi kimanin biliyan 56 daga masu tallata kaya a shafinsa. Idan aka haɗa waɗannan uku da kamfanonin Sin guda biyu, ByteDance mai TikTok da Alibaba, su biyar ɗin nan sun kwashe fiye da rabin kuɗin tallan duniya baki ɗaya. Gidajen rediyo da jaridu da talabijin da sauran kamfanoni su ke rabon abin da ya rage.

Yanzu bari mu ajiye waɗannan lambobi kusa da namu. Duk abin da Nijar ke samarwa a shekara, daga gero da dabbobi har uraniyom da man fetur na Agadem, bai wuce kusan dala biliyan 20 ba. Kuɗin tallan duniya na mako guda ke nan. Kasafin kuɗin gwamnatinmu na shekara, wanda ke wajen sefa miliyar 3,000, bai kai tallan kwana biyu ba. A Disamba 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta roƙi dala biliyan 47 domin taimaka wa mutum miliyan 190 da yaƙi da yunwa da ambaliya suka tagayyara a 2025. Wannan kuɗin tallan kwana 17 ne. Ba a samu ba. Gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta a farkon 2025 ta kuma rufe hukumar USAID, wasu ƙasashen Turai su ma suka rage nasu. Zuwa watan Yuni, Majalisar ta sauko da buƙatarta zuwa biliyan 29, ta ce a fara ceto waɗanda suka fi shiga uku. Hukumar abinci ta PAM, wadda buhunanta muka fi sani a nan, abin da ta samu a duk 2024 bai kai dala biliyan 10 ba, wato tallan kwana huɗu.

Mu da ke wannan sansani ba sai an karanta mana rahoto ba. An buɗe Sayam Forage a ƙarshen 2014, a lokacin da mutanen Damasak da sauran garuruwan bakin iyaka suka tsallako Komadugu suna gudun Boko Haram. Sama da shekara goma ke nan, kuma yau mutanen da ke zaune a nan sun haura dubu 30. Wanda ya tsaya layin rabo ya san yadda kwano ke raguwa. Matan da ke auna hatsi da dare su ne suka fi kowa iya wannan lissafi.

Amma tsaya. Akwai maganar da ke da daɗin faɗa a majalisa: "Da za su ba mu kuɗin tallan kwana ɗaya, da mun huta." Gaskiya ne a lissafi, amma maganar ba ta kai mu ko'ina. Kuɗin talla ba tari ne da aka ajiye a rumbu ana jiran mai rabo ba. Kamfani na kashe shi ne domin ya dawo masa da riba, kuma ranar da ya ga ba ya dawowa zai daina. Babu ɗan kasuwar da zai fasa talla don an ce akwai mai jin yunwa a Difa. Idan muka tsaya a kan "da za su ba mu", mun mai da kanmu masu jiran sadaka a ƙofar gidan da ba a san da zamanmu ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce: wa ke biyan wannan kuɗi, kuma me ake saya da shi?

Amsar farko, mai saye ne ke biya. Duk sabulu, duk dunƙulen miya, duk katin waya da ka saya, a cikin farashinsa akwai ɗan kason allon da aka kafa a bakin hanya da waƙar da aka sa a rediyo. Bangon shagunan garin Difa da aka shafe da ja da shuɗi da rawaya, ba don ƙaunar mai shago aka shafa ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Idan aka raba tiriliyan ɗin nan ga mutanen duniya biliyan 8, kowane kai na ɗauke da kusan dala 125, wato wajen jika 75 a shekara. Ba mu ce kowannenmu na biyan haka ba, don sama da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin a Amurka ake kashe shi. Amma ɗan abin da talaka ke biya ya fi yi masa nauyi, tunda daga kuɗin cefane yake fita.

Amsa ta biyu, abin da ake saya idonmu ne da kunnenmu. Wannan shafin da kuke karanta mu a kai, ba mu biya Facebook ko dala ba kafin mu buɗe shi. Me ya sa? Saboda kusan duk kuɗin shigar Meta, sama da kashi 95 cikin ɗari, daga talla yake. Kamfanin na lura da shekarunka, da garin da kake, da irin bidiyon da ka tsaya kallo, da wanda ka wuce, sai ya sayar wa ƴan kasuwa damar su same ka daidai inda kake da rauni. Har WhatsApp, da muka saba babu talla a cikinsa, a watan Yuni 2025 an ba da sanarwar za a fara sa talla a wajen da ake ɗora "status". Ka duba wahalar saurayi a Sayam: ya biya mai cajin waya, ya sayi data da kuɗin da ya samu a dako ko yankan itace, ya nemi inda sabis ke kamawa, sannan wani kaso na datar ya ƙare a kan tallan da bai nema ba. Shi ya biya kuɗin hanya, wani ya karɓi kuɗin talla. Haka rigunan ƙwallo da yaranmu ke sawa, na Real Madrid da Arsenal, da sunan jirgin Emirates a ƙirji. Kamfanin ya biya ƙungiyoyin miliyoyi, yaron da bai taɓa shiga jirgi ba kuma yana yawo da allon a kyauta, har ma shi ya sayi rigar.

Ba mu ce talla haramun ne ba, kuma ba mu ce duk sharri ne ba. Kowane ɗan kasuwa yana talla, tun daga mai shela na sarki har mai kiran "a sayi nono". Da kuɗin talla gidajen rediyo ke sayen mai na janareta su biya ma'aikata. Da irin dabarunsa aka shawo kan iyaye da yawa suka yarda da allurar shan inna da kwana cikin gidan sauro. Wanda ke da kaya mai kyau yana da haƙƙin ya faɗa. Matsalar tana inda mai ƙarfi ya sayi kunnen marar ƙarfi ya zuba masa abin da zai cutar da shi.

Misali, madarar gwangwani ta jarirai. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar hana tallata ta a matsayin madadin nonon uwa. A 2022 hukumar tare da UNICEF suka fitar da rahoto cewa wannan masana'anta, mai cinikin kusan dala biliyan 55 a shekara, har yanzu tana bin iyaye mata da ma'aikatan lafiya da dabaru iri-iri. A gari mai ruwan famfo mai tsabta ma abin na da haɗari, balle a wurin da uwa za ta dama madarar da ruwan jarka, ta kuma tsinka ta don gwangwanin ya kai ƙarshen wata. Sai kuma cacar ƙwallo ta waya, wadda tallanta ya cika wasannin da samarinmu ke kallo a gidajen kallo. Kullum wanda ya ci ake nunawa yana dariya. Mu kuwa mun ga waɗanda suka sayar da waya, mun ga wanda ya taɓa jarin mahaifiyarsa, kuma babu allon da ya ɗauki hotonsu. Ga masu maganin ƙarfin maza da na ƙiba da na bilicin, waɗanda suka tashi daga lasifikar kasuwa suka koma TikTok, babu mai tambayarsu takardar izini. Kada wani ya ce ba a iya taka wa talla birki. Nijar ta yi dokar hana tallan taba sigari tun 2006, kuma allunan suka sauka. Abin da aka yi wa taba ana iya yi wa caca da maganin bogi.

Akwai kuma wani gefen da ya fi ci mana rai. A duniyar yau, wanda ba a gani ba a tuna shi, kuma ganin ma saye ake yi. Ƙungiyar NRC ta ƙasar Norway na fitar da jerin rikice-rikicen gudun hijira da duniya ta fi mantawa da su, kuma ɗaya daga cikin ma'auninta shi ne yawan labarin da kafofin watsa labarai ke bayarwa. A jerin da ta fitar a 2024, Nijar ce ta biyar, bayan Burkina Faso da Kamaru da Kwango da Mali. Ƙungiyoyin agaji sun san da haka, shi ya sa su ma suke talla. Tantunanmu da jarkokinmu da buhunanmu duk tambari ne. Kowace rijiya da allonta, kowane aji da allonsa, wani wurin allon ya fi aikin daɗewa. Mun fahimta, mai ba da kuɗi yana son ya ga sunansa, kuma ba mu raina abin da aka yi mana ba. Amma hoton da ake tara kuɗi da shi a Turai fuskar ɗiyarmu ce da ta tsohuwarmu. Ya kamata a nemi izininmu da harshen da muke ji, Kanuri ko Hausa ko Fulatanci, a faɗa mana inda hoton zai je. Kuma a riƙa nuna mu muna noma da ɗinki da karatu, ba kullum da kwano a hannu ba.

Yanzu mu zo kan namu laifin, don ba duka ne na wasu ba. Kwarin Komadugu na da abin da duniya za ta saya: tattasai, jan zinaren Manga. Daga Geskeru zuwa Bosso, daga Shetimari zuwa Maine-Sorowa, dubban gidaje da shi suke ci, da shi suke aure, da shi suke biyan bashi. Ya sha wuya. Bayan hare-haren Fabrairu 2015 a Bosso da Difa aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana babura, aka hana kamun kifi da cinikin tattasai, aka taƙaita takin zamani, sai daga baya aka sassauta. Ambaliyar 2019 da ta 2022 suka zo suka cinye gonaki. Duk da haka manomi ya koma bakin kogi. To amma idan buhun ya bar kasuwar tattasai ta Difa ya isa Kano ko Damagaram ko Yamai, me aka rubuta a jikinsa? Babu komai. Wani lokaci ma tsohon buhun wani kamfani ne, da sunan kamfanin a jiki. Mai niƙa ya niƙa, ya zuba a leda mai hoto, ya sa sunansa, ribar suna ta zama tasa. Matar da ke miya a Legas ba ta san akwai wani wuri wai shi Difa ba. Haka bandar kifin tafkin Cadi, haka shanun Kuri masu manyan ƙaho da babu irinsu a wani yanki na duniya.

Abin da manyan kamfanoni suka gane ke nan, mu ba mu gane ba: suna dukiya ne. Ruwa da sukari ne a kwalbar lemo, sunan ne ake biya. Kuma ba sai da biliyoyi ake kafa suna ba. A Kamaru, manoman masoro na garin Penja sun haɗa kai suka yi wa kayansu rajista a hukumar OAPI da ke Yawunde a 2013, ta yadda babu mai sayar da wani masoro da sunan Penja sai nasu. Farashinsa ya ninka, har manyan gidajen abinci na Turai ke nemansa. A nan gida, kilishin Nijar da albasar Galmi sun samu irin wannan rajista. Me ya hana tattasan Difa? Ba ƙasa ce ta hana ba, ba ruwa ba ne. Rashin haɗin kai ne da rashin mai tsayawa a kan takarda har ta fito.

Don haka ga abin da muke gani. Ƙungiyoyin manoman tattasai, da ƴan kasuwa, da majalisar manoma ta jiha, su zauna su amince da ma'auni ɗaya na tsabta da bushewa, a buga buhu mai suna da tambarin Difa, a bi hanyar rajista kamar yadda mutanen Galmi suka bi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Samarinmu masu wayoyi, maimakon data ta ƙare a kallon tallan wasu, a ɗauki bidiyon shanyar tattasai ja wur a bakin Komadugu, da ɗinkin hula da saƙar tabarma na matan sansani, a sa farashi da yadda za a same su. Wannan ma talla ne, kuma na halal. Kamfanonin waya da na kayan abinci da ke cin kasuwa a jihar nan, su sa wani kaso na kuɗin tallansu a gidajen rediyon Difa da na ƙauyuka, cikin harsunanmu, don kuɗin ya zaga a gida maimakon ya tafi Amurka. Hukumomi kuma su sa ido kan tallan caca da na magunguna, a rediyo da kasuwa da waya. Mu masu saye, kafin mu zaro kuɗi, mu tambayi kanmu: wa ya biya aka nuna mini wannan, kuma me yake so a aljihuna?

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta fi kusa da gida. Yarinyar nan mai tire da muka fara da ita, ita ce kasafin tallan gidansu. Kamfani na biyan talla da dala, mu muna biya da karatun ɗiyanmu mata, wani lokaci har da mutuncinsu. Mun san ba don son rai uwa ke ɗora mata ba, rabo ya ragu, tukunya kuma ba ta jira. Amma ana iya gyarawa ko da kaɗan-kaɗan: tallan ya koma bayan an tashi daga lakwal, kada ya kai magariba, mata su haɗu su kafa rumfa guda a bakin kasuwa inda babba zai zauna ya sayar wa gida biyar. Shugabannin unguwanni da kwamitin mata na sansani za su iya fara wannan a makon nan, ba sai an jira wata ƙungiya ta kawo allo ba.

Masu noman tattasai da ƴan kasuwar Difa da ke bin wannan shafi, muna son jin ta bakinku: nawa ake sayen buhu a gona bana, nawa yake isa Kano? Ku rubuta mana a ƙasa, mu haɗa lissafin tare, mu ga inda ribar ke zubewa. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa albarka a nema.